Abin da Aku Ya Gani a Hoton Inna

Litinin, 1 ga Satumba

Matar Yaya ta sake cika guruf ɗin gida da hotuna. Ina lokacin hutun rana a wurin aiki, na cire abin kunnen amsa kira ke nan zan sha ruwa, waya ta hau kuka a jaka kamar an taka ta. Na buɗe. Aku ya fara karatu: hoto, hoto, hoto, hoto. Aku shi ne muryar da ke karanta mini allon waya, da shi nake rubuta wannan ma, kuma har yau bai iya faɗin Goggo daidai ba.

Sai sharhi ya biyo baya. Goggo ta ce Masha Allah. Yaya ya turo fuska mai dariya da hawaye. Wani ɗan Kawu ya ce kai, yau an yi abin kirki. Kowa na murna, ni kaɗai ina zaune kamar wadda aka gayyata aka bari a bakin ƙofa.

Na rubuta: mene ne a hoton?

Matar Yaya ta amsa: Auta, ai sai kin gani!

Can Aku ya ce, an goge wannan saƙo. To, ta goge. Na riga na ji.

Laraba, 3 ga Satumba

Na miƙa wa Maigida wayar yana cire takalmi, na ce gaya mini abin da ke cikin hotunan nan. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, mutane ne.

Mutane ne! Mutumin da zai kwashe rabin yini yana ba ni labarin cikin firjin da ya gyara, wace waya ta ƙone, wane bututu ya toshe. Na karɓe wayata.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yau na rubuta musu. Na ce ni ma 'yar gidan nan ce, ba a guruf na zo haya ba. Duk wanda zai turo hoto ya rubuta layi ɗaya a ƙasansa: wane ne, ina ne, me yake yi. A shafukansu na waje ma akwai wurin da aka ware don bayanin hoto, ba kuɗi ake biya ba. Wanda yake da lokacin zaɓen fuska mai dariya yana da lokacin rubuta kalma biyar.

Yaya ya kira ni kafin in ajiye wayar. Wai Auta, me ya yi zafi haka? Wai in riƙa sassauta harshe, matarsa tana da abubuwa da yawa a kanta. Na ce na sani, ɗaukar hoto ba ƙaramin aiki ba ne.

Goggo ta turo murya. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata, Allah ya sa kaffara ne. Ni bayani na nema, aka aiko mini da jaje. Tun ina shekara ashirin da 'yan kai hawan jinin ido ya rufe mini gani, na yi kukana na share, na koyi sanda, na koyi kwamfuta, na yi aure, ina amsa kiran mutanen da ruwan famfonsu ya ɗauke daga safe har yamma, suna zagina ina ba su haƙuri. Haƙuri ai a wurina ake sarinsa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Matar Yaya ta fara rubutawa. Da ma ba ta fara ba.

Kowane hoto sai ta sa a samansa: WANNAN DON AUTA. Da manyan baƙaƙe, har Aku yana ɗaga murya. Kamar kwalbar magani da aka rubuta wa sunan majinyaci. Bayanin kuma: kyakkyawan hoto na kyawawan mutane cikin farin ciki.

Na amsa mata a gaban kowa: su wa? Su nawa? A tsaye ko a zaune? Kyau ba bayani ba ne, Anti, ra'ayinki ne.

Ta ce to, za ta gyara. Wannan to ɗin nata ya fi ba ni haushi da a ce ta rama.

Talata, 9 ga Satumba

Mai Tari, abokiyar aikina ta tebur na gaba, ta nuna mini wani sabon abu a wayata. Idan na danne hoto na riƙe, Aku zai yi hasashen abin da ke ciki. Muka gwada da hoton Maigida. Aku ya ce: mai yiwuwa dattijo ne, a tsaye kusa da akwati. Mai Tari ta yi dariya har tarin ya taso mata, shugaban sashe ya leƙo ya ce lafiya.

Da yamma na faɗa wa Maigida. Bai ji daɗi ba. Ya ce firji ne ba akwati ba. Dattijon bai musa ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Na kira Inna. Matar Yaya ce ta ɗauka, kamar kullum a 'yan kwanakin nan. Wai Inna tana hutawa. Da aka ba ta, maganar a daƙile, a hankali, kamar da abu a bakinta. An ce mini haƙori aka cire mata. Haƙori nawa ke bakin Inna da har yanzu ba a gama ba?

Kuma me ya sa wayar uwata take zama a hannun wannan matar?

Asabar, 13 ga Satumba

Sabon salo. Yanzu har da gaisuwa a ciki. Inna tana shan iska a tsakar gida, ta sa mayafinta ruwan toka, tana murmushi, tana gaishe ki. Hoto ba ya gaisuwa, Anti.

Ban tanka ba. Na gaji da zama malamar gyaran rubutu kyauta.

Talata, 16 ga Satumba

Ina rubuta wannan, Aku yana ta maimaita baƙaƙen da nake kuskure.

Mugunta ce ta sa na yi. Ina zaune babu kira, na ce bari in bi hotunan Matar Yaya da Aku in kama ta da ƙarya, ko mayafin ba ruwan toka ba ne, in samu abin faɗa. Na danne hoton Asabar. Aku ya ce: mai yiwuwa tsohuwa ce zaune a keken marasa lafiya, a waje.

Na ce shirme, wannan da ya ce wa firji akwati. Na koma na Lahadi. Tsohuwa a keken marasa lafiya, mace a tsaye a bayanta. Na koma baya. Mutum kwance a gado, da ƙarfe a gefe.

Kira ya shigo, wani yana ihu kwanansa uku babu ruwa, na ce masa ya yi haƙuri za a duba, ban san me na rubuta a kwamfuta ba. Na so in miƙa wa Mai Tari wayar. Na fasa. Ban so in ji daga bakin bare ba.

Da Maigida ya dawo na jira ya zauna. Na ba shi hoton Asabar na ce wace ce wannan. Ya ce Inna ce. Me take yi? A zaune take. Na ce a kan me?

Na ji shi yana juya wayar a hannu.

Na ce Malam, a kan me uwata take zaune?

Laraba, 17 ga Satumba

Shanyewar ɓarin jiki. Ɓangaren dama. Tun watan jiya. Ta faɗi a banɗaki da safe, ta yi kwanaki a asibiti. Kowa ya sani. Goggo ta sani, 'ya'yan Kawu sun sani, mijina da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ya sani, har ya je dubiya ranar da ya ce mini an kira shi aiki wani gari.

Wai Inna ce ta hana. Da bakinta ya fara buɗewa abin da ta fara cewa ke nan, kada a faɗa wa Auta, za ta ajiye aiki ta taho, tana da nata nauyin.

Ya ce, wallahi don ke muka yi.

Na ce masa da ina gani, da za ku iya? Ba za su iya ba. Da hoto ɗaya ya isa. Sun ɗauki makantata sun yi labule da ita, suna ta harkarsu a gabana, a guruf ɗin da nake ciki, suna tura hoton uwata a gadon asibiti ta saman kaina. Ba su ma wahalar da kansu sun buɗe wani guruf ba. Don me? Ai Auta ba ta gani.

Ban je aiki ba. Ban dafa komai ba. Ya ci abin da ya samu.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kira Matar Yaya. Ban gaishe ta ba. Na ce ke ce mai rubuta mini murmushi da mayafi? Na faɗa mata maganganu, wasu ba zan rubuta su nan ba. Na ce gara waɗanda suka yi shiru, ita zama ta yi ta tsara mini ƙarya layi layi ta sa sunana a kai.

Na zaci za ta ce to. Ba ta ce ba.

Ta ce, kin gama? Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce ita ke ɗaga Inna, ita ke mata wanka, ita ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ita ke wanke zanin gado. Ta ce tun a asibiti ta gaya wa Yaya a faɗa mini, ya ce maganar Inna ce, ita suruka ce, ta yi shiru. Hotunan kuma dangi ne ke damunta da kira, yaya jiki, yaya jiki, ta ga gara ta tura musu su gani ta huta. Ta ce ranar nan da na tambaya mene ne a hoton, Inna ce ta riƙe kofi da hannunta na hagu karon farko. Murna ce ta kwashe ta har ta rubuta abin da ta rubuta, ta goge, ta shiga banɗaki ta yi kuka.

Ta ce, duk layin da na rubuta miki sai da na ji kunyar kaina. Mayafin dai ruwan toka ne, wannan ban yi ƙarya ba.

Na ce kukanki bai dame ni ba. Na kashe.

Bai dame ni ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Na zo gida wurin Inna. Ni kaɗai. Maigida ya ce zai rako ni, na ce ya zauna ya yi ta kallon mutane. Ya dai bi ni har tasha yana riƙe da jakata, ban hana shi ba don tana da nauyi.

Gidan ya canza a ƙarƙashin sandata. An kwashe kujerun falo, an sa gado a inda talabijin yake. An zuba siminti a kan matakalar ƙofa ta zama gangara, saura kaɗan in kifa. Warin man zafi da sabulun wanki ko'ina. Ledar da ke ƙarƙashin zanin gado tana ƙara idan an zauna.

Na laluba na sami hannun Inna na dama. Sanyi, nauyi, yatsun a naɗe. Na matsa, bai matsa ni ba. Ta zagayo da na hagu ta kama kunnena kamar yadda take yi ina yarinya.

Ta ce, wa ya faɗa miki? Sai da ta maimaita kafin na gane.

Na ce waya.

Ta yi wata dariya da rabin baki. Ni ban yi ba. Na ce Inna, kin ga na kasa wani abu ne tun da idona ya rufe? Na ƙona gida? Na ɓata a hanya? Ta ce a'a. Na ce to me ya sa kika maishe ni yarinya? Ta ci gaba da murza kunnena. Ina fushi da ita, ina kuka a kafaɗarta. Ban san yadda ake faɗa da mutumin da ba zai iya ɗaga murya ba.

Yaya ya shigo ya ce sannu da hanya, ya fice. Jarumi.

Lahadi, 21 ga Satumba

Da safe na ji yadda ake ɗaga Inna zuwa keke. Matar Yaya tana cewa riƙe wuyana, Inna, riƙe da na hagun, sai ta yi wani nishi daga can cikin baya. Na ce a koya mini. Ta kama hannuwana ta nuna mini inda ake sawa, ƙarƙashin hammata, gwiwa ta tokare gwiwa. Tafinta kamar buhu.

Inna ba ta da nauyi. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Ta ce in koma aikina ko ta daina cin abinci. Har a kwance mulki take yi.

Litinin, 22 ga Satumba

Kafin in fito na sami Matar Yaya a wurin shanya. Na ce Anti, sharaɗi ɗaya. Abin da ke cikin hoto shi za ki rubuta. Ban da kyau, ban da gaisuwa, ban da sunana a sama.

Ta ce ko da marar daɗi ne?

Na ce shi na fi so.

Ta ce, to ki sani ni ba marubuciya ba ce, kuma idan kika sake yi mini gyara a gaban dangin mijina zan daina. Na ce ki daina mana, ina da Aku. Ta ce Akun da ya ce mijinki dattijo? Ashe har wannan ya kai musu. Bakin mutumin nan yana aiki idan ya ga dama.

Laraba, 24 ga Satumba

Maigida ya gyara ƙofar kabad da ta shekara tana kuka. Ya sayo mini sabon abin kunne. Ya ce yau ya ga wata mota ja, mai ƙofa huɗu, tayar baya ta ɗan sace, direban yana da gemu. Yanzu komai sai ya bayyana mini. Ban tambaye shi ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Matar Yaya ta turo. Na kwafe shi nan yadda yake:

Inna a keke kusa da taga. Ta rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Bakinta ya karkace zuwa dama, akwai ɗan yawu a gefe, ban goge ba kafin in ɗauka. Hannun dama a kan filo. Ba ta murmushi, yau ta ƙi yin motsa jiki, ta kori mai gashin ƙashi.

Ina tebur na saurara. Na tashi na shiga banɗakin ma'aikata na kulle. Mai Tari ta riƙe mini kira.

Wa ya ce ta rubuta yawun? Ni. Ni na ce.

Goggo ta rubuta a ƙasa wai haba, wannan ai tonon asiri ne, a riƙa sakayawa. Na fara rubuta mata amsa, kafin in gama Matar Yaya ta riga ni: Goggo, ai ku kuna ganinsa a hoton.

Talata, 30 ga Satumba

Yaya ya turo hoto babu ko kalma. Ina wasa wuƙata, sai ga matarsa: Baban yara, bayani. Ya dawo ya rubuta: takardar magani ce. Ta ce karanta abin da ke ciki. Ya karanta, har da sau nawa a rana.

Yanzu faɗan nawa ma ta ƙwace. Mace ba ta da aiki sai shiga hurumin mutane.

Ɗan Kawu ya turo hoton sabon babur ɗinsa da bayani mai tsawon wa'azi. Ban nemi wannan ba. Na saurara dai, don in ji ko ya yi kuskure.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Inna ta ɗaga yatsu biyu na dama. An rubuta: biyu ne, manuni da na tsakiya, sun tashi kaɗan daga filo, sauran ba su motsa ba. Na danne hoton don in tabbatar. Aku ya ce mai yiwuwa hannu ne. Ya yi ƙoƙari.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Inna ta ce tana son hotona, wai ranar da na zo ba ta kalle ni da kyau ba, kuka ya hana. Rabona da ɗaukar kaina hoto na manta. Na sa rigar da Mai Tari ta ce tana mini kyau, na tsaya inda nake jin rana a fuskata, na miƙa hannu na danna.

Aku ya ce mai yiwuwa fanka ce.

Na tura wa Matar Yaya ita kaɗai, na ce me ke ciki. Ta ce silin, fanka, da goshinki. Sauke hannu. Na sake. Ta ce yanzu haɓarki da maɓallin riga, na biyun a buɗe yake. Na gyara, na sake. Muka yi ta yi, ta ce hagu, na yi dama, ta ce ke Auta hagunki. A na ƙarshe ta ce fuskarki duka ta fito, ɗankwalin ya ɗan zame, kin ɗaure fuska kamar mai karɓar haraji, kina kama da Inna sosai. Na ce ban tambaye ki kama ba. Ta ce a hoton yake.

Na ce ta nuna wa Inna haka nan.

Har yanzu Matar Yaya tana da surutu, kuma ban manta da kyawawan mutane cikin farin ciki ba. Yaya ma bai ba ni haƙuri ba, ina jira.

Maigida yana zaune a falon duk lokacin da muke wannan. Har ya ce kawo in ɗauke ki mana. Na ce ya bari, akwai mai duba mini.